Harsunan da Hausa ke haɗiyewa

Duk shekara idan 21 ga Fabrairu ta zagayo, ranar harshen uwa ta duniya, gidajen rediyonmu kan gayyato malamai su yi kukan cewa Turanci na neman kashe Hausa. A kawo misali da 'ya'yan manya a Abuja da ba su iya ƙirga kuɗi da Hausa ba, da samarin da ba sa kai ƙarshen jimla sai sun cusa Turanci. Kukan yana da tushe. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Harshen da BBC ke watsa labarai da shi tun 1957, wanda ke da masana'antar fina-finai tasa, wanda Nijar ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a 2025, ba ya cikin masu jinya. Masu jinyar suna maƙwabtaka da mu, kuma a yawancin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, Hausa ce ke cinye su.

Wasu an riga an yi jana'izarsu. Garin Auyo yana nan a Jihar Jigawa, amma Auyakanci ya tafi, haka harshen Shira da na Tashena, 'yan uwan harshen Bade na Yobe. Ajanci na ƙasar Bauchi ya ɓace tsakanin 1920 da 1940, jikokin masu shi Hausa suke yi. A ƙasar Ningi harshen Gamo ya ƙare, na Kudawa ya kai gargara. A yankin Lere na Jihar Kaduna, masu binciken da suka nemi masu jin harshen Sheni a farkon shekarun 2000 ba su samu mutum goma ba. Bature matafiyi Heinrich Barth da ya shiga Agadas a 1850 ya tarar mutanen garin suna magana da wani harshe dangin Songai. Yau Hausa da Tamajak ake yi a titunan Agadas, ɗan uwan wancan harshe, Tasawak, ya rage a Ingal. Misalin da ya fi kusa da kowa kuwa Fulanin gida ne. Gidajen sarautar Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato Fulani ne, amma a cikinsu mutum nawa ne zai iya riƙe hira da Fulatanci? Ba wanda ya kafa dokar hana shi. Uwaye ne suka rena 'ya'yansu da Hausa, zuriya biyu uku, magana ta ƙare.

A duniya ana lissafa harsuna sama da 7,000, kuma taswirar da UNESCO ta fitar a 2010 ta nuna kusan 2,500 na cikin haɗari. Nijeriya kaɗai tana da sama da 500, mafi yawansu a Bauchi da Filato da Adamawa da Taraba da kudancin Kaduna da kudancin Borno da Neja da Kebbi. Idan ana maganar dunƙulewar duniya, hankali kan tafi ga Turanci da intanet. A ƙasa kuwa abin hawa-hawa ne. Yaron ƙauyen Warji ba ya tsallakawa daga Warjanci zuwa Turanci. Hausa yake fara faɗawa. A Adamawa Fulatanci ya taɓa yin wannan aiki, a Borno Barbarci, a kudu Turancin buroka. Su ma Fulatanci da Barbarcin yanzu Hausa na rage musu fili a Yola da Maiduguri.

Hanyoyin da Hausa ta bi sanannu ne. Turawan mulkin mallaka sun mulki Arewa da ita, har a wuraren da ba a taɓa jin ta sosai ba. 'Yan mishan da suka tarar da harsuna barkatai suka zaɓi guda: cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma har gobe majami'u da yawa na ECWA da COCIN da EYN da Hausa suke wa'azi da waƙa. A ɓangaren Musulmi, tafsiri da makarantar allo da Islamiyya duk Hausa ce, har ya zama a wasu garuruwa musulunta da zama Bahaushe kamar abu guda ne. Sai kasuwa, da tashar mota, da barikin soja, da auratayya: Basayi ya auri 'yar Jarawa, ba mai jin harshen wani, gida ya koma Hausa. Sai kuma abin da ya tumɓuke mutane daga ƙasarsu. Madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi Gungawan Yawuri daga tsibiransu. Tun da Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agustan 2014, masu harsunan duwatsun nan, Glavda da Guduf da Dghwede da sauransu, suka warwatsu a sansanonin Maiduguri da Yola da Abuja da Minawao ta Kamaru. Yaron da aka haifa a sansani a shekarar ya haura shekara goma yanzu, kuma da Hausa ya yi wasan ƙasa.

Akwai kuma hanyar da ba ma son ambata, wato raini. Mu namu "harshe" ne, na wasu "yare". Wanda Hausarsa ba ta nuna ba mu ce yana gwaranci, alhali Gwari mutane ne masu harshensu, sunan da suke kiran kansu ma Gbagyi ne. Haka Sayawa Zaar ne, Kaje Bajju, Kataf Atyap, Dakarkari Lelna, Sura Mwaghavul. Yarinyar da aka yi wa dariya sau biyu a aji saboda ta yi "yare" da ƙanwarta ba ta bukatar wani ya hana ta. Ita da kanta za ta bari, kuma ranar da ta haihu ba za ta so 'yarta ta sha abin da ta sha ba.

Mai karatu na iya cewa to, mene ne aibin? Hausa ta haɗa kan mutane, ta buɗe musu kasuwa da aiki, iyaye kuma ba wawaye ba ne, sun san abin da zai amfani 'ya'yansu. Duk gaskiya ne, kuma ba ni ganin wani yana da hurumin ɗora wa talaka nauyin riƙe harshe don kawai masana su samu abin nazari. Inda lissafin iyayen ya kuskure shi ne zaton cewa sai an saki ɗaya ake kama ɗaya. Yaro ba ya ruɗewa da harshe biyu ko uku. Dattawan Fotiskum da yawa sun tashi da Karai-karai da Bolanci da Hausa a baki guda, ba wanda ya hana wani zama. Hausa kuwa ko ba a koya wa yaro a gida ba, titi zai koya masa kyauta. Harshen gidan ne ba shi da wani malami sai gidan.

Abin da ake asara ya shafi har Bahaushe. Hausa ɗaya ce daga cikin harsuna sama da 150 'yan dangi guda da masana ke kira harsunan Cadi, kuma tarihinta na kafin rubutu a bakin 'yan uwanta yake ajiye. Mu mu ce huɗu ko fuɗu, Bangizime ya ce fəɗu. Mu ce mutu, shi ya ce mətu, Ba'angashe ya ce mut. Da irin wannan kwatance ne masana ke gano yadda kakan harsunan nan yake da inda masu shi suka zauna. Duk ɗan uwan da ya mutu ba a rubuta shi ba, an yage shafi daga tarihin Hausa. Ban da wannan akwai sunayen ire-iren acca a bakin manoman Filato, da kalmomin gina gonakin tudu a Gwoza, da sunayen kifi da na ruwa a bakin masuntan Yawuri. Sani ne da ba ya shiga wani harshe gaba ɗayansa. Rabinsa a hanya yake zubewa. Mai neman hujjar addini kuma ya duba aya ta 22 a Suratur Rum, inda aka lissafa saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah.

Duk al'ummar da ke son yin wani abu ta fara da auna ciwon, don ido na ruɗi. Yawan mutane ba ya nuna lafiyar harshe. Ƙabila mai mutum dubu ɗari biyu da yaranta ba sa magana da harshen ta fi shiga haɗari a kan mai mutum dubu uku da yaranta ke faɗa da zagi da shi. Masanin harshe Joshua Fishman ya tsara ma'auni mai hawa takwas a 1991, kuma ƙashin bayansa abu guda ne, ko harshen yana wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya a cikin gida. Awon ba ya bukatar kuɗi. A zaɓi gida talatin zuwa hamsin a cikin gari, wasu kamar haka a ƙauyen da ya fi nisa da titi. A raba mutanen kowane gida kashi huɗu: kakanni, iyaye, matasa, da yara 'yan ƙasa da shekara goma. Kada a tambayi uba ko 'ya'yansa suna jin harshen, zai ce suna ji, don kunya. A sa wata tsohuwa ta aiki yaron da harshen, ta tambaye shi abin da ya ci da safe, a saurari bakin da zai amsa da shi. Idan ya gane amma ya amsa da Hausa, harshen ya tsaya a kansa ke nan: wanda ke ji ba ya mayarwa ba zai rena ɗa da shi ba. A kuma tsaya nesa a saurari yara suna wasa su kaɗai, domin harshen wasa shi ne harshen gobe. Sakamakon ne zai nuna aikin da ya kamata. Inda yara ke magana, aikin na rubutu ne da makaranta. Inda iyaye ke iyawa amma yara ba sa yi, aikin na cikin gida ne. Inda tsofaffi kaɗai suka rage, a ajiye komai a ɗauko rikoda, yau ba gobe ba.

Ɗaukar murya yana da ƙa'idoji, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Saƙon murya na WhatsApp ba adana harshe ba ne; manhajar tana matse sautin ta zubar da wani ɓangarensa, wayar kuma ta ɓace ko ta faɗa ruwa. A samu ƙaramar rikoda irin Zoom, ko waya mai kyau da makirfon maƙalawa a riga, a ɗauka a tsarin WAV, a kan 48 kHz. Awa guda ta murya a layi ɗaya, a bit 16, tana cin kusan megabait 350, don haka memori mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa casa'in. Makirfo ya zauna kamar taƙi guda daga baki. A kashe janareta da fanka, a guji ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana ko lokacin ruwa, a kori kaji. Mai ɗauka ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe, in ba haka ba sai ya koma gida ya tarar iska ya ɗauko. A farkon kowane ɗauka a faɗi rana da gari da sunan mai magana da shekarunsa da garin da uwarsa ta fito, a kuma ɗauki yardarsa da bakinsa, har da abin da bai yarda a watsa ba, don akwai waƙoƙin tsafi da sirrin dangi da ba na kowa ba ne. Fayil marar wannan bayani bayan shekara goma tarkace ne.

Me za a ɗauka? Kuskuren da aka saba shi ne a zaunar da tsoho a yi ta jero masa kalmomin Hausa yana fassarawa. Jerin kalmomi yana da amfani, akwai ma wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta shirya don harsunan Afirka mai kalma 1,700. Amma idan da Hausa kake tambaya, abin da Hausa ke da suna gare shi kaɗai za ka samu, kuma jimlolin za su fito da ƙirar Hausa. Harshen gaske yana cikin hirar mutum biyu da suka manta da rikoda: tsofaffi mata biyu suna tuna yadda ake aure a da, maƙeri yana bayanin aikinsa yana yi, manomi yana zagaya gona yana kiran sunan kowace ciyawa, shari'ar gona a gaban mai gari, tatsuniya da yara a gefe, waƙar niƙa, kukan makoki. A nemi mata musamman. Sau da yawa su ne ba su yi yawon ci-rani ba, bakinsu ya fi tsabta, amma masu bincike maza kan wuce su su tafi fada.

Wahalar tana bayan ɗauka. Rubuta minti guda na hira da fassara shi yana iya cin awa guda, wani lokaci fiye. Ke nan awa goma na hira aikin wata uku zuwa huɗu ne ga mutumin da ba ya wani abu sai shi. Saboda haka ake samun ɗaruruwan awoyi a ajiye ba mai sanin abin da ke ciki. Dabarar rage asara ita ce, tun tsohon yana raye a kunna masa abin da ya faɗa guntu-guntu, wani mai jin harshen ya maimaita a hankali, ya faɗi ma'anar da Hausa, a ɗauki wannan ma. Ko ba a rubuta ba, an bar wa na baya mabuɗi. Manhajojin aikin kyauta ne: ELAN don daidaita rubutu da murya, SayMore don tsara fayiloli, FLEx don ƙamus. A ajiye kwafi uku a wuri uku, ɗaya a wajen garin. Taskar ELAR, wadda ta tashi daga Landan ta koma Balin a 2021, tana adana irin wannan kaya, shirin ELDP kuma yana ba da tallafin kuɗi don aikin tun 2002. Sharaɗin da ya kamata al'umma ta kafa wa kowane mai bincike, Bature ko ɗan jami'ar gida, shi ne kwafi ya zauna a garin.

Sai rubutu, inda Hausa ke yin wata ɓarnar ba da niyya ba. Duk wanda zai rubuta harshensu a Arewa da ƙa'idar boko ta Hausa a kansa yake farawa: wasali biyar, ba alamar karin sauti, ba alamar tsawon wasali. Hausa ta tsira da haka ne don mai karatu ya riga ya iya ta. Ya ga "kuka" ya san ko itace ne ko hawaye daga abin da ke kewaye. Harsunan maƙwabta ba duka ke jure wannan ba. Birom yana da wasali bakwai, Tangale tara. Ngizim da Bade da Bura da Margi suna da wasalin ə, da baƙaƙen da ake furtawa ta gefen harshe, waɗanda akan rubuta tl da dl. A wasu harsunan Filato da kudancin Kaduna, karin sauti kaɗai ke raba tilo da jam'i a wasu sunaye, ko ya raba aikin da ya wuce da mai zuwa. Idan aka ƙi sa alama, mai karatu sai ya karanta jimla sau uku kafin ya gane, ya gaji ya koma Hausa. Idan kuma aka ɗora alama a kan kowane wasali don a burge masana, shafi ya cika da ƙaya, ba mai iya bugawa a waya. Matsakaici shi ne a sa alama inda rashinta ke sauya ma'ana, sannan a gwada: a ba mutum ashirin da suka iya karatun Hausa shafi guda, su karanta da ƙarfi, a yi alama duk inda suka yi tuntuɓe. Inda mutum goma suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin rubutun ne. Kuma kafin a amince da kowane harafi a tabbata yana buguwa a waya; da manhajar Keyman ana iya haɗa wa harshe madannansa.

Rigimar karin harshe ta kashe kwamitoci da yawa. Kowane gari ya ce nasa ne na asali, a shekara biyar ana taro ba a buga shafi ɗaya ba. A nan aikin da marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta a Yobe abin koyi ne. Sun yi aiki da 'yan asalin harsunan, suka fitar da ƙamus na Bole da Ngizim da Karai-karai da Ngamo da Bade a 2004, kowanne da fassarar Turanci da Hausa, aka buga a Fotiskum inda masu harshen za su iya saye, aka sake fitar da su da ƙari a 2009, har da na Duwai. Da suka zo kan Bade ba su tsaya sasanta kowa ba: ƙamus ɗaya na karin Gashuwa, ɗaya na karin yamma.

Amma ko Yoben ta isa shaida cewa ƙamus ba ya sa yaro magana. Ana iya adana harshe tsaf a kwamfuta ya kuma mutu a baki. Makaranta ma, wadda kowa ke ɗora wa buri, ƙarfinta kaɗan ne idan darasi kawai ake nufi. Yi lissafi: yaro yana farke kamar awa 84 a mako. Darasi biyu na minti 40 minti 80 ke nan, bai kai kashi biyu cikin ɗari na lokacinsa ba. Ailan ta gwada wannan hanya tun da ta samu 'yanci a 1922, ta wajabta harshen Airish a makarantu. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya shi, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta kusan 72,000 ne. Shekara ɗari ta darasi ke nan.

Mutanen Mawori na Niyu Zilan sun bi ta wata ƙofar. A 1982, da suka ga masu harshen yawancinsu tsofaffi ne, suka buɗe gidajen reno da suka kira sheƙar harshe: a tara yara daga jarirai zuwa 'yan shekara biyar, a zaunar da su da kakanni, yini guda ba a furta Turanci. Mutanen Hawai suka kwaikwaya a 1984, lokacin da yaran da ke jin harshensu ba su kai hamsin ba, yau ana karatu da shi har jami'a. Wannan tsari bai fi ƙarfin ƙauyukanmu ba, don kayan aikinsa muna da su: zaure ko rumfar majami'a, tsofaffi mata biyu ko uku masu bakin asali, matashiya guda mai kula da tsafta da abinci, yara goma zuwa goma sha biyar, awa huɗu a rana, kwana biyar a mako. Awa ashirin ke nan, kusan rubu'in lokacin yaron. Abubuwan da ke rusa shi ma sanannu ne. Tsohuwa ta ga yaro bai gane ba, tausayi ya kama ta, ta fassara masa da Hausa. Daga ranar ya san idan ya yi shiru fassara na zuwa. Maganin shi ne nuni da hannu da maimaitawa. Na biyu, a bar tsofaffin suna aikin sa kai, damina ta zo su tafi gona. Dole ƙungiyar ci gaban gari ta yanka musu wani abu duk wata, ko hatsi ne. Na uku, yaro ya koma gida iyaye su karɓe shi da Hausa. Gidan da zai kawo yaro ya ɗauki alkawarin wani lokaci tsayayye, ko lokacin cin tuwon dare ne, da ba a yin kowane harshe sai na gida. Kuma kada a yi wa yaro dariya in ya karya harshe. Dattawan da ke kukan yara sun bar harshe sau da yawa su ne suka kore su da gyara da ba'a.

Inda masu harshen suka rage biyar ko goma, reno ba zai yiwu ba sai an fara samar da manya. 'Yan asalin Kalifoniya sun tsara hanyar gwani da almajiri a farkon shekarun 1990: tsoho guda da matashi guda, awa goma zuwa ashirin a mako, har shekara uku, suna aikin yau da kullum tare, girki, gona, kasuwa, ba tare da harshe na biyu ya shiga tsakani ba. Abin da almajiri ke fara haddacewa shi ne yadda zai ce "mene ne wannan", "sake faɗa", "me nake yi yanzu". Mu da muka san zaman almajiri a gaban malami da yaron maƙeri a maƙera, wannan ba baƙon abu ba ne.

Gwamnati fa? Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankin. Wannan "ko" ɗin ita ce ƙofar da Hausa ta shige ajin yaron Zaar da na Kambari, don ba littafi ba malami a harshensu. A ƙarshen 2022 aka sanar da sabuwar manufa ta shekara shida da harshen uwa, ba a tanadi littattafai da malamai ba, a Nuwamban 2025 aka soke ta aka koma Turanci. Gwajin Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya riga ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba, don haka sokewar ba ta burge ni ba. Sai dai ƙananan harsuna ba su yi asarar abin da suka taɓa samu ba. Abin da ya fi dacewa a nema a jiha ƙarami ne kuma mai yiwuwa: a tura malami garin da yake jin harshensu maimakon a jefa shi wata ƙaramar hukuma, a daina tarar yaro don ya yi harshensu a harabar makaranta, gidan rediyon jiha ya ba kowane harshe fili na gaske. Minti goma sha biyar na fassarar labaran gwamna ba fili ba ne. A ba su wasan kwaikwayo, da shirin kiran waya, da gaisuwa, da sharhin ƙwallo, abin da matashi zai kunna don yana so.

Waya ma da ake zargi tana da fuska biyu. Ita ta kai finafinan Kano da waƙoƙin Hausa kowane lungu, amma saƙon murya ya sa tsohuwar da ba ta taɓa karatu ba tana hira da jikanta na Legas da harshensu, kuma matashin da ya yi barkwanci da Tangale ko Tarok a TikTok ya samu dubban masu kallo ya yi wa harshen abin da taron ƙasa na shekara-shekara bai yi ba. Taron nan da ake sa kayan gargajiya a yi rawa, shugaban ƙungiya ya tashi ya yi jawabin kiyaye harshe da Turanci, mai gabatarwa ya fassara da Hausa.

Namu rabon, mu masu Hausa, bai da tsada. Limami ko fasto a garin da ba na Hausawa ba ya bar wa harshen garin wani ɓangare na wa'azi. Bahaushen da ya auri Babura ko Bajara ya bar ta ta yi wa 'ya'yanta harshenta, kada dangin miji su ce tana zagin su a ɓoye. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Maiduguri da Jos, waɗanda ɗalibansu ke ta maimaita nazari a kan littattafan Hausa guda nawa, su tura kowane ɗalibi mai harshen gida ya ɗauko awa biyar ta hirar tsofaffin garinsu, ya rubuta rabin awa, a karɓa a matsayin kundin kammala digiri. Ɗalibi ɗari a shekara awa ɗari biyar ke nan, daga harsunan da wasunsu ba a taɓa ɗaukar muryarsu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan 'yan asali, amma tsofaffin Ningi da Lere da ake bukatar muryarsu ba lallai su kai 2032 ba.